Tsofaffin Motocin Daji da Masu Ta da Su

Motoci iri-iri ne, kamar yadda dabbobin hawa su ke iri-iri. Akwai ta ado, wadda ba ta son ƙura, ba ta kuwa yarda ta rabu da kwalta; wannan ita ce misalin dokin zage. Akwai kuma ta wahala, wadda a ke korawa cikin taɓo da rairayi da duwatsu, watau misalin raƙumin fatake. Wannan ta biyun ita za mu ba da tarihinta. Abin da ya raba ta da sauran shi ne injinta ya kan tura ƙafafunta duka huɗu. In na baya suka nutse cikin laka sai na gaba su jawo ta, in na gaba suka kafe sai na baya su ingiza ta.

Abin mamaki ga irin motocin nan, waɗanda aka ƙera shekara sittin ko saba'in da suka wuce, aka more su har aka yar, yau su ne a ke bi gona-gona ana cigiya, a saye, a gyara, har kuɗin wata ya ɗara na sabuwa. To, mene ne dalili? Amsar tana cikin tarihinsu. Za mu fi tsayawa kan Land Rover, gama ita mutanenmu suka fi sani.

Asalin Jif

Cikin 1940, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ke ci a Turai, hukumar sojan Amurka ta aika wa kamfanonin ƙera motoci cewa tana bukatar wata 'yar mota mara nauyi, mai ja da ƙafa huɗu, wadda za ta ɗauki 'yan soja da bindigarsu ta ratsa inda babu hanya. Ta ba da kwana 49 kacal a kawo samfur. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam shi ya cika wa'adin. Amma da ya ke ba shi da ƙarfin ƙera ta da yawa, sai aikin ya koma hannun manyan kamfanoni biyu, Willys da Ford. Kafin yaƙi ya ƙare cikin 1945 sun ƙera fiye da 600,000. Ita ce Jeep, wadda Hausawa suka mai da jif, har yau kuwa duk wata mota mai tudu jif a ke ce mata.

Da aka gama yaƙi aka yi gwanjon waɗanda suka rage, manoma suka yi ta saye. Ɗaya ta faɗa hannun wani Bature, Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover na Ingila, wanda ke da gona a tsibirin Anglesey a ƙasar Wales. Wansa, Spencer Wilks, shi ne shugaban kamfanin. Jif ɗin nan ta yi wa Maurice amfani ƙwarai a gona, ya kuwa lura ba wata mota a Ingila da za ta maye gurbinta ran da ta mutu. An ce wata rana cikin 1947, suna bakin teku shi da wansa, ya zana surar motar da ya ke nufi a kan rairayi.

Rashi Ya Haifi Dabara

A lokacin nan kamfanin Rover yana cikin ƙunci. Yaƙi ya cinye ƙarfe, gwamnati ce ke raba ɗan abin da ya rage, ba ta kuwa ba kamfani sai gwargwadon motocin da ya sayar a ƙasashen waje. Motocin Rover na ado ne, ba su da kasuwa a waje. Ga babbar ma'aikata a Solihull, kusa da Birmingham, inda aka yi injunan jiragen sama lokacin yaƙi, tana neman zama kango. Sabo da haka aka yi shawara a ƙera motar gona, a riƙa sayarwa na ɗan lokaci kafin al'amura su daidaita.

Mai karatu ya lura da abin da rashi ya sa suka yi, gama a nan asirin maganar ya ke. Da ya ke ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi bodin motar da alminiyam, wanda mutanen da ke kira goran ruwa; shi kam akwai shi, ba ya kuwa tsatsa. Da ya ke ba su da kuɗin sayen manyan injunan lanƙwasa ƙarfe, sai suka bar jikin motar shafe-shafe kamar akwati, suka ɗaure shi da noti. Ƙashin motar kuma, watau shasi, sai suka yanko fallayen ƙarfe huɗu suka haɗa da walda ya zama kamar bututu mai kusurwa huɗu, ya fito da ƙarfi fiye da yadda aka zata. Har fenti ma ragowar na soja aka samu, shi ya sa na farko duk koraye ne.

Ran 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna ta ga jama'a a wani bikin nunin motoci a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Kuɗinta fam 450. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 80 ne kawai, injinta kuwa ƙarami ne. Da fari ma ƙofofi da rumfar tamfol sai mutum ya biya dabam. An yi mata wurin da za a ɗaura bel ta juya injin niƙa ko na yankan katako, domin nufinsu ta zama rabi mota rabi tarakta. Motar da aka yi don a rage zafi ba a daɗe ba ta fi duk sauran motocin kamfanin ciniki.

Yadda Ta Gama Duniya

Daga nan aka yi ta kyautata ta kaɗan-kaɗan. Cikin 1957 aka sa mata injin dizal. Cikin 1958 aka fito da kashi na biyu, cikin 1971 kashi na uku, cikin 1976 aka ƙera ta cikon miliyan ɗaya. Cikin 1983 aka sake mata sifirin don ta rage jijjiga, cikin 1990 aka raɗa mata suna Defender. Duk da haka surarta ba ta sāke sosai ba, wanda ya san uwar ba zai kasa gane 'yar ba.

A ƙasarmu dattawa ba su manta da ita ba. Ita ce motar rangadin Di'o, da likitan dabbobi, da malamin gona, da 'yan sanda, da masu kai majigi ƙauyuka. Garuruwa da yawa ita ce mota ta fari da ta taɓa shiga cikinsu da damina. An ma taɓa harhaɗa ta a Nijeriya, a Ibadan.

Ba ita kaɗai ce a fagen ba. Cikin 1951 kamfanin Toyota na Japan ya ƙera tasa, ya sa mata suna Land Cruiser cikin 1954. Wadda suka fito da ita cikin 1960, mai lamba 40, an yi ta ƙera ta a Japan har 1984, ita ce kuwa ta ƙwace wa Land Rover kasuwa a wurare da yawa na Afirka da Ostireliya, don ba ta cika lalacewa ba. Yau ita ma tsofaffinta abin nema ne, haka kuma tsofaffin jif na soja.

Ran 29 ga Janairu, 2016, aka ƙera Land Rover ta ƙarshe mai tsohon fasali a Solihull, bayan shekara 68, an yi fiye da miliyan biyu. Dokokin hayaƙi da na kiyaye lafiyar fasinja sun yi mata tsanani. Defender da a ke sayarwa tun 2020 sunan ne kawai ɗaya, amma wata mota ce dabam.

Abin da Aka Yar Ya Zama Dukiya

Tun kafin a daina ƙera ta akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin, amma da aka daina sai kasuwa ta tashi. Dalilai uku ne. Na fari, motar zamani kwamfuta ke sarrafa ta, in ta tsaya sai an kai ta wurin mai na'ura. Tsohuwar kuwa mutum da sifana da guduma da haƙuri ya iya kwance ta tun daga fitila har bamba, ya kuma mayar. Na biyu, da ya ke bodinta ba ya tsatsa, ko ta shekara talatin a bayan rumbu a kan tarar da jikinta. Na uku, dokoki. A Ingila motar da ta haura shekara 40 an yafe mata harajin hanya. A Amurka kuwa ba a yarda a shigo da motar da ba ta dace da ƙa'idodinsu ba sai ta cika shekara 25, sabo da haka duk wadda ta cika sai attajirai su yi ca a kanta.

Ga misalin yadda kuɗi ya kai. Cikin 1954 kamfanin ya ba Winston Churchill kyautar Land Rover don cikarsa shekara 80. Cikin 2012 aka yi gwanjonta, aka saye ta fam 129,000. Cikin 2015 aka yi gwanjon ta cikon miliyan biyu, ta kai fam 400,000. Cikin 2016 kamfanin da kansa ya shiga sana'ar, ya nemo 25 daga cikin na farkon nan, ya gyara su kamar ran da suka fito, ya sa musu kuɗi daga fam 60,000 zuwa sama. Motar fam 450 ke nan! Da gaskiyar masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Labarin Motoci Biyu

Ran 1 ga Satumba, 1955, waɗansu samari shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka tashi daga London da Land Rover biyu, suka sa wa kowace sunan jami'a ɗaya. Nufinsu su kai Singafo ta ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi da mota. Suka ratsa Turai da Turkiyya da Farisa da Indiya da dazuzzukan Bama, suka isa cikin Maris, 1956, bayan tafiyar wajen mil 18,000. Bayan haka aka kai wadda a ke kira Oxford tsibirin Ascension don aikin masu binciken tsuntsaye, daga can ta gangara tsibirin Saint Helena a tsakiyar Tekun Atlantika. Nan ta tsufa, aka kwakkwance ta. Cikin 2017 wani mutumin Yorkshire, Adam Bennett, ya bi sawu ya kwaso ta zuwa Ingila, aka ta da ita. Cikin 2019 aka kora ta daga Singafo ta komo London, tafiyar kwana 111, a cikin ayarin kuwa har da jikan ɗaya daga cikin samarin nan shida.

Ta biyu ita ce mai lambar shasi 860001, watau ta fari da aka ƙera don sayarwa cikin 1948. Ta ƙare a hannun wani manomi a arewacin Ingila, ta shekara da shekaru a yashe, ruwa da dusar ƙanƙara na dukanta, har shasinta ya ruɓe. Cikin 2017 wani attajiri, Jim Ratcliffe, ya saye ta. Kowa ya zaci za a zubar da ruɓaɓɓen shasin a sa sabo. Masu gyaran suka ƙi. Suka zauna suna yanke inda ya mutu suna ƙara sabon ƙarfe ɗan kaɗan-kaɗan, suka bar bodin da lotsawarsa da koɗaɗɗen fentinsa. Da aka nuna ta cikin 2020, mai kallo ya ce yanzu aka fito da ita daga gona, amma ana murza makulli sai ta tashi.

Sharuɗɗan Saye

Wanda ya yi niyyar sayen irin wannan mota, abu na fari kada ya yi cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna tsatsa. Sai ya je da kansa, da rana, da ɗan guduma da tocila, in da hali da makanikin da ya san irinta.

Kada kyan bodi ya ruɗe shi. Goran ruwa ba ya tsatsa, amma shasi ƙarfe ne, daga ciki kuwa ya ke ruɓewa, inda laka ke kwana. Sai ya shiga ƙarƙashi ya bi shi da ƙwanƙwasa tun daga gaba har baya. Inda ya ji ƙara tangaran, da sauran rai. Inda ya ji luɓus, ko guduma ta burma, aiki ya samu. Ya fi mai da hankali ga ƙarfen da ya gitta a can baya, da wuraren da sifirin ke maƙale. In ya ga an shafe ƙarƙashin da sabon baƙin fenti mai kauri, ya tambayi abin da a ke ɓoyewa. Sa'an nan ya duba katangar ƙarfen nan da ta raba inji da mazaunin direba, musamman wajen matakin ƙafa da ginshiƙan ƙofa, gama gyaranta na da tsada. Inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam kuma a kan ga wani farin gari kamar toka, alamar suna cin juna ke nan.

Bayan haka sai inji. A tashe shi yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alamar yana shan baƙin mai ne. A gwada giya duka, har da 'yan sandunan nan biyu, mai jan kai da mai rawayan kai, waɗanda ke sa ta ja da ƙafa huɗu. Amma inji da giya ba su kai shasi ban tsoro ba, don har yanzu ana ƙera kayan gyaransu sababbi.

Abu mafi girma duka shi ne lamba. Kowace mota tana da lambar da aka buga a jikin shasi, da wadda ke kan ɗan allo cikin mota, da wadda ke cikin takardu. Wajibi ne ukun nan su dace. Da kuɗi ya yi yawa sai macuta suka shigo, su kan ciro lambar tsohuwa su liƙa wa sabuwa ko ta sata. Cikin 2013 ma'aikatan kwastan na Amurka suka kama wata Defender da aka yi wa haka, suka sa inji ya murƙushe ta, suka ɗauki hoton abin suka watsa don ya zama gargaɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A garin Gaydon na Ingila akwai gidan tarihin motoci inda a ke ajiye da littattafan ma'aikatar. In aka aika musu da lamba su kan ba da takardar shaida mai nuna ran da aka ƙera motar da launinta na asali.

Aikin Gyara

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara da fenti. Ya kan ɗauki hoton kome kafin ya kwance, ya zuba notin kowane wuri cikin gwangwaninsa, ya rubuta suna. Ya kan nemi sifanu irin na da, don notin tsofaffin da awon inci aka yi su. Sa'an nan ya ɗage bodi, ya bar shasi tsirara, a kankare shi, a yi walda inda ya kamata. In ya wuce gyara, akwai masu ƙera sabo, su tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya don kada ya sake tsatsa. Daga nan sai sifirin da birki da sitiyari, sa'an nan inji da giya, sa'an nan wayoyin wuta, gama tsohuwar waya ita ce uwar gobara. Fenti shi ne na ƙarshe. Birki kuwa ba a yi masa rowa, domin rai ya fi tarihi.

Aikin ya kan ci shekara biyu ko uku ga mai yi da hannunsa, sau da yawa kuma kuɗin gyara ya kan wuce abin da za a samu in an sayar. Shi ya sa a ke yawan ganin tallar motar da aka kwance aka kasa mayarwa, tana cikin kwalaye. Wanda ya shiga don riba kaɗai ya kan fita da hasara. Araha ba ta ado.

Masu wannan sana'a sun kasu biyu. Waɗansu na son mota ta koma ƙyal-ƙyal kamar ba a taɓa hawanta ba. Waɗansu kuwa na cewa kowace lotsawa shaida ce ta inda motar ta je da aikin da ta yi, in an shafe ta an shafe tarihi. Suna kuma tambaya, in ka sake shasi, ka sake inji, ka sake bodi, ka bar lamba kaɗai, wace mota ke gare ka? Sabon ƙarfe kowa na iya saye, amma na 1948 in an yar ya tafi ke nan. A 'yan shekarun nan ra'ayi na biyu ya ƙara ƙarfi, motar da ba a taɓa ba ta kan fi wadda aka yi wa kwalliya daraja wurin masana.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Makanikanmu sun riga Turawa sanin cewa motar nan ba ta mutuwa sai an ƙyale ta. Shekaru da yawa sun riƙe ta da rai da ɗan abin da ke hannunsu, suna ciro na wannan suna sa wa waccan. Amma yau sauran da suka rage suna bayan tsofaffin ofisoshi da garejoji, ƙafafu sun nutse cikin ƙasa, awaki na kwana a ciki. Masu sayen tsohon ƙarfe na sare su suna aunawa a sikeli, bodin kuma maƙera na narkarwa su zuba tukwane. Alminiyam ɗin da ya ba ta tsawon rai shi ne ke jawo ajalinta.

Tukunya abar amfani ce, ba mai musu. Amma motar da ta kai allurar shanu rugage, ta kai majigi ƙauye, ta ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti cikin ruwan Agusta, tana da labarin da ya kamata jikoki su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Sabo da haka wanda ke da irinta a gida ko a ma'aikata, kafin ya kira mai sikeli sai ya share lambar shasi ya rubuta, ya nemo takardunta ya adana, ya tambayi dattawan da suka kora ta inda ta je da wanda ta ɗauka. In ba shi da halin gyara, ya ɗaga ta a kan duwatsu, ya yi mata rumfa, ya bar wa mai hali. Hukumomin da ke lura da gidajen tarihi su ma ya kamata su tanadi ko guda ɗaya, a ajiye ta kusa da sirdi da likkafa, don ita ma abin hawan kakanni ce.